Ƙarƙashin Alƙahira: Jirgin Da Ke Ɗauke Da Birnin Da Ya Fi Ƙarfin Titunansa

Akwai alƙawarin da mazaunin Alƙahira ba ya ɗauka in dai a mota zai fita, wato ya ce wa mutum ƙarfe kaza zan iso. Direba zai hau gadar 6 ga Oktoba yana hango inda za shi, amma ya shafe sa'a guda bai sauka ba. Birni ne da mutanensa suka haura miliyan 20 in an haɗa da Giza da Shubra da sauran garuruwan da suka manne masa, kuma mafi yawansu a tsuke suke a gaɓar Kogin Nilu, hamada ta tokare su gabas da yamma. Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa cunkoson ababen hawa kaɗai yana jawo asarar kimanin dala biliyan 8 a shekara: man da ake ƙonawa a tsaye, lokutan aikin da ke salwanta, da hayaƙin da ke kai mutane asibiti.

A irin wannan birni, jirgin metro shi ne wurin da talaka ke da iko da agogonsa. Ma'aikacin da ya fito daga Hilwan ya san cewa in ya shiga tarago, cikin minti arba'in da 'yan kai yana Dandalin Tahrir, ko ana zafi ko ana sanyi, ko an rufe titi saboda wucewar wani babba. Sama da mutum miliyan 3 ne ke bin wannan jirgi a rana. Ana fara zirga-zirga wajen ƙarfe 5 na asuba, a tashi wajen 1 na dare, a watan azumi kuma akan ƙara sa'a guda saboda masu dawowa daga tarawihi da ziyarar dangi. A lokutan da jama'a suka fi yawa, da wuya mutum ya yi minti biyar a dandamali bai ga jirgi ya shigo ba. Wannan cika alƙawari, kullum, shekara sama da talatin da biyar, shi ne babban abin da ya kamata a yaba. Sai dai akwai wanda ke biyan farashinsa da guminsa da haƙurinsa, kuma shi ne fasinjan.

Layi uku, zamani uku

A watan Satumban 1987 aka buɗe layi na farko, a zamanin Husni Mubarak, da kuɗi da ƙwararrun Faransa. Shi ne metro na farko a nahiyar Afirka da ma ƙasashen Larabawa. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce. Da ma akwai tsohon layin dogo da ke zuwa Hilwan ta kudu, akwai wani da ke zuwa Marj ta arewa maso gabas, sai aka haƙa rami na kilomita huɗu da ɗoriya a ƙarƙashin tsakiyar gari aka haɗe su. Shi ya sa a cikin tashoshi 35 na wannan layi mai tsawon kilomita 44, biyar ne kawai ke ƙarƙashin ƙasa: Sa'ad Zaglul, Sadat, Nasir, Urabi da Shuhada. Sauran tafiyar a sarari ake yin ta, tsakanin katangu biyu, ana kallon bayan gidaje da shanyar mutane da kejin tantabaru a kan rufi.

Wannan layi shi ne jakin birnin. Shi ya fi ɗaukar mutane, shi kuma ya fi tsufa. Da yawa daga cikin jiragensa tun na farko ne, babu na'urar sanyaya iska, sai fankoki a rufi da tagogi masu ƙarafa da ake turawa sama. A watan Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, fankar ba abin da take yi illa juya iskar da mutum ɗari biyu suka riga suka shaƙa. An kawo sababbin jirage masu sanyi daga kamfanin Hyundai Rotem na Koriya ta Kudu, amma ba su wadatar ba. Don haka za ka ga wani abu a tashoshin layin: jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe, amma wasu sun harɗe hannu sun ƙi shiga. Mai sanyin suke jira. Wanda ke da sauran minti goma a hannunsa yana iya wannan zaɓi. Wanda ke tsoron a yanke masa albashi saboda latti kuwa, duk wanda ya zo shi zai faɗa.

Layi na biyu ya fara aiki a 1996. Ya taso daga Shubral Khaima, unguwar masana'antu da ma'aikata a arewa, ya ratsa tsakiyar gari, ya nutse ƙarƙashin Nilu, ya ɓulla Dukki da Jami'ar Alƙahira, ya ƙare a Munib. Tashoshinsa 20. Ramin da ya ratsa ƙarƙashin kogin, wanda aka buɗe a 1999, abin alfahari ne ga injiniyoyin Masar, amma fasinja ba ya ma sanin ya wuce shi. Duhu ne kawai na minti biyu tsakanin Sadat da Opera, da wani tsakanin Opera da Dukki.

Na uku shi ne ɗan gata. An buɗe kashinsa na farko, daga Ataba zuwa Abbasiyya, a watan Fabrairun 2012, aka yi ta ƙara masa tsawo: Masar Jadida a 2014, babbar tashar Adli Mansur a 2020, Kit Kat a 2022, sai rassansa biyu na yamma da suka kai Rodul Faraj da Jami'ar Alƙahira a 2024. Jiragensa duk masu sanyi ne, akwai matakalar lantarki da lifta, ana sanar da tasha ta gaba da Larabci da Turanci. Tun 2021 kamfanin RATP Dev na Faransa ke gudanar da shi bisa yarjejeniyar shekara 15, yayin da layi na ɗaya da na biyu ke hannun kamfanin gwamnatin Masar. A wannan layi ne, a 2022, aka fara ganin mata suna tuƙa jirgin metro a ƙasar.

Wanda ya sauya jirgi a tashar Nasir, daga na uku zuwa na ɗaya, a jikinsa zai ji bambancin. Kuɗin tikiti ɗaya ne, birni ɗaya ne, amma ya bar tarago mai sanyi da haske ya bi matakala ya shiga wanda ƙofarsa ke ƙara, kujerunsa sun goge saboda zama. Mutanen Marj da Ain Shams da Darus Salam, waɗanda su ne suka fi kowa dogara da jirgin, su ne kuma ke cikin tsohon.

Daƙiƙun da ke bakin ƙofa

Kafin mutum ya kai dandamali sai ya wuce matakai uku. Ya sa jakarsa a na'urar duba kaya da 'yan sanda ke tsaye a kai, ya bi layin tagar tikiti ya faɗi tashar da za shi, sannan ya zura ɗan katin a ƙofar ƙarfe mai juyawa. Baƙo yakan yi kuskuren jefar da tikitin bayan ya shiga, alhali da shi zai fita, kuma rashinsa tara ce. Masu bin jirgin kullum kan yanki katin da ake zuba wa kuɗi, ɗalibai kuma suna da rajistar wata uku mai rangwame sosai, haka tsofaffi da masu buƙata ta musamman.

Ainihin gwajin yana bakin ƙofar tarago. A tashar Shuhada, wadda ke ƙarƙashin Dandalin Ramsis da babbar tashar jirgin ƙasa, layi biyu ne suka haɗu, ga matafiya daga Iskandariyya da Aswan da akwatunansu da buhunansu. Jirgi ba ya daɗewa a tsaye. A cikin 'yan daƙiƙun nan masu sauka na son fita, masu hawa na son shiga, duk ta ƙofa guda. An sha manna alamun cewa wannan ƙofa ta shiga ce, waccan ta fita, amma da safe ba mai kallon su. Abin da ke hana abin ya zama faɗa kullum shi ne wata al'ada da fasinjoji suka ƙirƙiro wa kansu. Tun jirgi bai tsaya ba za ka ji an taɓa kafaɗarka: “Za ka sauka a ta gaba, ya ustaz?” In ka ce a'a, sai ka ja gefe ku yi musayar wuri. Da haka masu sauka ke taruwa a bakin ƙofa tun da wuri, su fita a dunƙule. Ba wata hukuma da ta rubuta wannan doka, amma ba don ita ba da jadawalin jiragen ya tarwatse, domin kowace daƙiƙa goma da aka ƙara a Shuhada jiragen da ke baya ne za su biya ta, ɗaya bayan ɗaya har Hilwan.

Da ƙofa ta rufe, sai wata rayuwar ta fara. Wani ya zaro ƙaramin Alƙur'ani daga aljihu yana karatu ƙasa-ƙasa, hannu ɗaya a kan sandar riƙo. Ɗaliba na bitar darasi a waya. Saurayi ya miƙe ya ce wa dattijo, “Bismillah, ya Hajji,” dattijon ya ƙi, saurayin ya rantse, har sai ya zauna. Wanda ya samu kujera yakan karɓi jakar na tsaye ya ɗora a cinya, ko da bai taɓa ganinsa ba. Sai kuma 'yan talla. Doka ta hana, amma ba a tasha uku ba a ga ɗaya ba: mai safa, mai biro, mai wayar caji, mai cingam. Wasu kan bi tarago suna ajiye kayan a cinyar kowa, su je ƙarshe su dawo suna karɓar kuɗi ko kayansu. Taragun metro kasuwar Kantin Kwari ce mai tafiya, sai dai a nan mai kaya ne ke zagaya masu saye. Akwai fasinjojin da hayaniyar ke damu, kuma suna da gaskiya, amma duk wanda ya dubi shekarun wasu daga cikin yaran da ke wannan talla, da tsofaffin matan da ke yin ta, ya san ba nishaɗi ya fito da su ba.

Taragu biyu na tsakiya

Tun 1989 aka keɓe wa mata taragu a kowane jirgi. A yau biyu ne, a tsakiya, kuma akwai allo a dandamali da ke nuna inda za su tsaya. Ɗaya na mata ne zalla a kowane lokaci, ɗayan kuma yakan zama na kowa bayan ƙarfe 9 na dare. Ba a hana mace shiga sauran taragun ba, namiji ne aka hana shiga nasu, kuma in ya shiga, kafin ɗan sanda ya iso matan sun riga sun tashi masa.

Dalilin keɓewar ba ɓoyayye ba ne. A 2013 wani bincike da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyi ya nuna cewa sama da kashi 99 cikin 100 na matan da aka tambaya a Masar sun taɓa fuskantar wani nau'in cin zarafi, daga maganar banza zuwa taɓa jiki, kuma ababen hawa na haya na cikin wuraren da suka fi ambata. A 2014 aka yi dokar da ta mai da hakan laifi a fili. Masu fafutukar haƙƙin mata sun rabu a kan taragun. Wasu na ganin mafaka ce da ta bai wa dubban mata damar fita aiki da karatu da kwanciyar hankali, ta kuma sa iyaye suka saki jiki. Wasu na cewa an ɗauke nauyin daga kan mai laifi an ɗora wa wadda ake zalunta, har ta kai in an taɓa mace a taragon gama-gari sai a tambaye ta me ya hana ta shiga nasu. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. Abin da lissafi ya nuna kuwa shi ne taragu biyu cikin takwas ko tara ba su kai yawan matan da ke hawa ba, don haka da safe cunkoson taragun mata ba ya kasa na maza, ga goyo, ga kayan cefane.

Ranakun da siyasa ta sauko ƙasa

Sunayen tashoshin tsakiyar gari tarihin ƙasar ne a jere: Sa'ad Zaglul, Ahmad Urabi, Jamal Abdun Nasir, Anwar Sadat, Muhammad Najib. Tashar Shuhada kanta da sunan Mubarak aka san ta har 2011, lokacin da masu zanga-zanga suka riƙa goge sunan daga taswirorin cikin taragu da biro da ƙusa, kafin hukuma ta bi sahu ta sauya shi don tunawa da waɗanda aka kashe a juyin juya halin wannan shekara. Abin lura shi ne a kwanaki 18 na zanga-zangar da suka kawo ƙarshen mulkin Mubarak, jirgin bai daina tafiya gaba ɗaya ba, yana wucewa ta ƙarƙashin Dandalin Tahrir da duniya ta zuba wa ido.

Mafi wahalar lokaci ga fasinjoji ya zo ne daga baya. A watan Agustan 2013 hukumomi suka rufe tashar Sadat, wadda ke ƙarƙashin Tahrir, saboda dalilan tsaro, ba a sake buɗe ta ba sai Yunin 2015. A lokacin wurare biyu ne kaɗai ake sauya jirgi tsakanin layi na ɗaya da na biyu, sai aka wayi gari saura Shuhada kawai. Kusan shekara biyu ɗalibin da zai tashi daga Ma'adi zuwa Jami'ar Alƙahira yana wuce mahaɗarsa, ya yi gaba tasha uku, ya kutsa cikin turmutsitsin da ya ninka, sannan ya dawo baya. Wanda ya sa hannu a takardar rufewar ba ya cikin masu wannan zagaye.

Fam ɗaya da ya zama takwas

Daga 2006 har zuwa Maris na 2017, fam ɗaya na Masar ne kuɗin tikiti, ko ina mutum za shi. Gwamnatoci sun zo sun wuce ba wadda ta yi ƙarfin halin taɓa shi, kamar yadda ake tsoron taɓa farashin burodi. Amma fam ɗaya ba ya sayen kayan gyara, ba ya biyan kuɗin lantarki, kuma kamfanin ya yi ta tara bashi. Bayan an saki darajar fam a Nuwamban 2016, a ƙarƙashin yarjejeniyar rancen dala biliyan 12 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, sai aka ninka tikitin zuwa fam 2. A watan Mayun 2018, ana saura 'yan kwanaki a fara azumi, aka koma lissafi da yawan tashoshi: fam 3, 5 ko 7. Wanda ke zaune a ƙarshen layi, wanda galibi tsadar haya ce ta kore shi can, ya kwanta yana biyan 2 ya tashi yana biyan 7. A tashar Hilwan da wasu tashoshi mutane suka yi ta ihu suna tsallake ƙofofin ƙarfe, abin da ba a saba gani ba a shekarun da aka hana zanga-zanga, aka kuma kama da dama.

Ƙarin bai tsaya nan ba. An sake yi a 2020, aka yi sau biyu a 2024, har a watan Agustan shekarar tikiti ya kai fam 8 zuwa tasha tara, 10 zuwa tasha 16, 15 zuwa tasha 23, da 20 ga abin da ya haura haka. In an auna da dala, tikiti mafi tsada bai kai rabin dala ba, kuma jami'ai suna yawan nuna cewa yana cikin mafi araha a duniya. Gaskiya ne. Amma magidancin da ke Shubra ba da dala ake biyan shi ba, kuma in yana da 'ya'ya uku masu zuwa makaranta, lissafinsa daban ne. A gefe guda, barin tikiti a fam ɗaya tsawon shekara goma sha ɗaya ba alheri ba ne kamar yadda ake zato, domin shi ya taimaka wajen barin layi na ɗaya ya tsufa ba gyara, kuma talakan da aka ce ana tausaya wa shi ya sha zafin. Abin da fasinja ke da haƙƙin tambaya shi ne: tun da kuɗin ya riga ya ninka sau takwas a 2024, me ya sauya a taragon da nake shiga? Mai bin layi na uku yana da amsa. Mai bin na ɗaya har yanzu rabin amsa yake da ita.

Inda dogo ya ƙare

Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke karatu a Azhar sun san wannan jirgi ciki da bai, domin da shi suke sanin birnin. Gidan kwanan ɗaliban ƙasashen waje, Madinatul Bu'us, yana yankin Abbasiyya, kusa da layi na uku. Mai son halartar darasi a tsohon masallacin Azhar ko ya leƙa shagunan littattafan da ke bayansa, zai sauka a Babus Sha'ariyya ko Ataba ya ƙarasa da ƙafa. Mai neman tsofaffin littattafai masu araha, kasuwar Azbakiyya tana bakin tashar Ataba. Mai zuwa masallacin Amru bin Asi ya sauka a Mar Jirjis. Ga ɗalibin da ke lissafin kowane fam, kuma Larabcin littafi ya iya ba na titi ba, metro ya raba shi da cinikin direban tasi da ɓata a hanya. Ba kullum ake jin daɗi ba. Baƙar fata yakan ci karo da kallo ko wata kalma mai ciwo daga bakin marasa tarbiyya, kamar yadda 'yan Sudan da sauran 'yan Afirka mazauna birnin suka daɗe suna kokawa. Yakan kuma ci karo da dattijon da zai ji an ce ɗalibin Azhar ne ya matsa masa wuri yana sa masa albarka.

Sai dai da yawa daga cikin ɗaliban nan a Madinatu Nasr suke haya, musamman Hayyul Ashir, kuma a nan ne gazawar tsarin take fitowa. Layi na uku gefen unguwar kawai ya shafa. Sauran tafiyar sai a ƙaramar bas, a koma cikin cunkoson da aka gudo. Haka abin yake ga miliyoyin mazauna titin Faisal da Haram a Giza, da manyan unguwannin da suka tsiro ba tsari a bayan gari. A bakin kusan kowace tashar ƙarshe akwai dandazon ƙananan bas da a-daidaita-sahu, 'yan kamasho na kiran sunayen unguwanni, kuma sau da yawa kilomita uku na ƙarshe sun fi kilomita ashirin na cikin jirgi cin lokaci. Layukan uku gaba ɗaya kilomita ɗari da 'yan kai ne, abin da ya yi wa birni mai wannan girma kaɗan ƙwarai. Har zuwa 2024 ko filin jirgin sama metro bai kai ba.

Ana aikin layi na huɗu da rancen Japan, wanda zai bi ta titin Haram har yankin dalar Giza da sabon babban gidan tarihi, kuma shi ne zai fi sauƙaƙa wa mutanen yammacin kogi. Gwamnati ta kuma zuba maƙudan kuɗi a jirgin lantarki da aka buɗe a 2022, wanda ya tashi daga Adli Mansur zuwa sabon babban birnin da ake ginawa a hamada, da wani jirgi mai bin dogo ɗaya a kan ginshiƙai. 'Yan Masar da dama na tambayar hikimar fara shimfiɗa dogo zuwa inda mutane ba su tare ba tukuna, alhali inda suke a cushe yana jiran gyara, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa.

Gyaran layi na ɗaya dai yana kan takarda da kuma kan hanya. A 2021 Masar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Alstom na Faransa kan sababbin jirage 55 masu sanyi, kuma bankunan raya ƙasa na Turai sun ba da rance don sabunta sigina da lantarki da dogon kansa, yadda za a rage tazarar da ke tsakanin jirgi da jirgi. Wahalar ita ce ba a iya rufe layin ko na mako guda, domin babu titin da zai ɗauki mutanen da ke kansa. Yawancin aikin dole a yi shi tsakanin ƙarfe 1 na dare da 5 na asuba, a kwashe kayan aiki kafin jirgin farko ya taso daga Hilwan, kuma da irin wannan taki shekaru za a ɗauka kafin mutumin Marj ya daina tsayawa a dandamali yana leƙen ko mai sanyi ne ke tafe.